Ƙwallon Amurka a Ranar Godiya: me ya sa kullum sai Detroit da Dallas?

Baban Zainab (Kano): Assalamu alaikum jama'ar gida. Tambaya gare ni ga 'yan'uwanmu na Amurka. Duk shekara in Nuwamba ta zo ƙarshe, ranar Alhamis ɗin hutun Godiya, sai labarin ƙwallon nan tasu ta ture-ture ya cika ko'ina, kuma masu masaukin baƙi ba sa canzawa: Detroit da Dallas. Ƙungiyoyi 32 ne fa a babbar gasarsu ta ƙwararru, NFL. Me waɗannan biyun suka fi saura da shi? Gado ne ko kuɗi suka biya? Sannan ranar da aka ce ta iyali ce da cin abinci, me ya kawo ƙwallo cikinta?

Ɗan Gunners: Wa alaikumus salam. Baban Zainab kai ma da neman magana. Wasan da za a yi gudu na daƙiƙa biyar, a kife juna, a tashi a yi taro, a sa talla, a dawo a sake kife juna? Na taɓa gwada kallo a waya, kafin a je hutun rabin lokaci barci ya yi gaba da ni.

Kawu na Detroit: Ɗan Gunners, ka bari manya su yi magana tukuna. Baban Zainab, ba saye aka yi ba, mu muka riga kowa. A 1934 wani attajiri mai gidan rediyo a nan Detroit, George Richards, ya sayi wata ƙungiya daga wani ƙaramin gari mai suna Portsmouth a jihar Ohio, ya kawo ta nan ya raɗa mata suna Lions. To mutanen gari ba su ma san tana yi ba, hankalinsu duk yana kan Tigers, ƙungiyar wasan ƙwallon sanda, wadda a shekarar take tashe. Mutumin ya ga yana cin wasa amma fili rabi a bushe. Sai ya ce bari ya sa wasa ranar hutun Godiya, ranar da masana'antu ke rufe, kowa yana gida. Ya gayyato Chicago Bears, zakarun lokacin, waɗanda ba wanda ya doke su a kakar. Da yake ɗan rediyo ne ya shawo kan NBC ta watsa wasan a tashoshi 94 a faɗin ƙasar. Kujeru kusan 26,000 na filin Jami'ar Detroit suka ƙare tun kafin ranar, aka mai da mutane da yawa daga bakin ƙofa. Mu aka ci, 19 da 16. Amma daga ranar abin ya zauna. In ka cire 1939 zuwa 1944, ba a ƙara fashi ba, tun daga 1945 har yau.

Ɗan Gunners: "Mu aka ci." Ashe tun ranar farko da haka aka fara, Kawu.

Kawu na Detroit: Zan dawo kanka, ɗan nan.

Ticha Zariya: Bari in ƙara a kan bayanin Kawu, don kada a ɗauka Richards ne ya ƙirƙiro haɗa ƙwallo da wannan rana. Ya tarar da abin ne ya hau kai. Jami'o'in Yale da Princeton sun kara a Ranar Godiya tun 1876, shekara 13 kacal bayan Shugaba Lincoln ya ayyana ranar a matsayin hutun ƙasa a 1863, ana tsakiyar yaƙin basasarsu. Daga jami'o'i abin ya sauka makarantun sakandare, har yau a jihohi irin su Massachusetts akwai garuruwan da makarantu biyu maƙwabta ke karawa da safiyar ranar, wasu sun haura shekara 100 suna yi. Ita kanta NFL da aka kafa a 1920 ta yi wasanni a ranar tun kakarta ta farko. Abin da Richards ya ƙara shi ne rediyo, wato ya mai da wasan gari guda ya zama na ƙasa baki ɗaya. Ranar ma sai a 1941 majalisa ta tsayar da ita a Alhamis ta huɗu ta Nuwamba, bayan Shugaba Roosevelt ya janyo ta baya da mako guda a 1939 don 'yan kasuwa su sami ƙarin kwanakin cinikin Kirsimeti. Kun ga ke nan kasuwa ta daɗe da sa hannu a wannan hutu.

Maman Ikram (Texas): Sannunku da hira. Kawu ya yi nasu ya bar namu, to bari in faɗa. Dallas ta shigo a 1966. Hukumar gasar na neman wanda zai karɓi wasa na biyu, wasu na ɗari-ɗari don tsoron mutane ba za su bar girkinsu su zo fili ba. Manajan ƙungiyar Dallas, wato Cowboys, Tex Schramm, ya ce a ba shi. Ƙungiyar a lokacin yarinya ce, shekararta 6 da kafuwa, yana son duk Amurka ta riƙa ganinta a talabijin. Mutum sama da 80,000 suka cika filin Cotton Bowl, aka doke Cleveland 26 da 14. Ku lura, mu da nasara muka fara.

Baban Zainab (Kano): To Hajiya, tun da an ga abin na da riba, sauran ba su ce a raba ba?

Maman Ikram (Texas): Sun ce mana. An ma ƙwace daga hannun Dallas sau biyu, 1975 da 1977, aka ba St. Louis. Duka biyun an lallasa masu gida, na biyun ma Miami ta zuba musu 55, kuma jama'a ba su fito kamar na Dallas ba. Hukuma ta dawo tana lallashi, Schramm ya ce zai karɓa in an bar masa dindindin. Daga 1978 ba a sake taɓawa ba.

Ɗan Maraɗi (Greensboro): Ni fa a nan nake da magana. Ina North Carolina, ƙungiyarmu Panthers, ba mu taɓa karɓar baƙuncin wannan wasa ba. Ina adalci a ce wasu biyu kullum suna gida? Ku duba lissafin: an yi wasa Lahadi, a sake yi Alhamis, kwana uku ke nan a tsakani, a wasan da mutum ke tashi Litinin jikinsa kamar an yi masa dukan kawo wuƙa. Mai gida yana kwana a gadonsa, baƙo kuwa sai ya ɓata ɗaya daga kwanakin ukun a jirgi da otal. Bayan wasa kuma mai gida ya sami hutun kwana tara ko goma daidai lokacin da kaka ta ɗau zafi. Shekara da shekaru ana haka. Marigayi Lamar Hunt mai ƙungiyar Kansas City ya daɗe yana wannan ƙorafi, ba ni na fara ba.

Ticha Zariya: Kuma ƙorafin nasa ne ya haifi wasa na uku, na dare, wanda aka fara a 2006. Shi wannan ba shi da gida tsayayye, yawo yake yi. Na farkon a Kansas City aka yi, suka doke Denver 19 da 10. Hunt na kwance asibiti a lokacin, ya rasu a Disambar shekarar.

Ɗan Maraɗi (Greensboro): Malam, wannan ai toshiyar baki ce. An ba mu ragowar dare, lokacin da kowa ya ƙoshi yana gyangyaɗi a kujera. A riƙa zagayawa da dukkan ukun, shi ne magana. Dallas ma in ce suna da jama'a. Amma Detroit? Kawu ka yi haƙuri, gaskiya ɗaci gare ta. Ƙungiyar da rabonta da kofi tun 1957, ba ta taɓa leƙa Super Bowl, wasan ƙarshe na ɗaukar kofi, ba. Daga 2004 zuwa 2012 an ci su sau tara a jere a wannan rana. Mutum ya yi girki ya tara baƙi, a kunna masa wasan da tun kafin rabin lokaci an san sakamako.

Kawu na Detroit: Ɗan Maraɗi, duk abin da ka lissafa gaskiya ne, har ka rage. Ka manta 2008, shekarar da muka buga wasa 16 ba mu ci ko ɗaya ba, Tennessee ta zo Ranar Godiya ta yi mana 47 da 10. A shekarar jaridu da masu sharhi suka yi ca, a ƙwace wasan daga Detroit. Ka san me ke faruwa a garin a lokacin? Kamfanonin mota na shirin durƙushewa, shugabanninsu na Washington suna roƙon gwamnati ta cece su, ana sallamar ma'aikata, gidaje a unguwanni an buga musu katako a taga. Na ga maƙwabcina, dattijo Baƙar fata da ya ƙare ƙarfinsa a masana'anta, ya sa tsohuwar rigarsa shuɗiya mai lamba 20 ta tsohon gwarzonmu Barry Sanders, wadda wuyanta ya saki don wanki, ya riƙe hannun jikansa, suka tafi kallon faretin ranar a titin Woodward da sassafe cikin sanyi, daga nan suka taka zuwa filin wasanmu, Ford Field. Ya san za a ci su. Ubansa ya kai shi a tsohon filin Tigers, shi ya kai 'ya'yansa a filin Silverdome, yanzu ga jika. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Ka ce a ɗauke wannan a riƙa yawo da shi gari-gari, kamar ka ce a ɗauke Hawan Daushe daga Kano bana a kai wata jiha don dawakinsu sun fi ƙiba. Lokacin da wasan ba shi da daraja mu muka riƙe shi, yanzu da ya yi tsada kowa ya tuna da adalci.

Ɗan Maraɗi (Greensboro): Kawu, labarin dattijon ya taɓa ni. Amma ai mu ma muna da dattawa da jikoki a nan.

Kawu na Detroit: To ku ƙirƙiro taku ranar, ku riƙe ta shekara 90, mu zo mu taya ku.

Ɗan Zango (Bronx): Ni ina bayan Kawu, kuma da dalili. Ɗanmu na Accra, Ezekiel Ansah, a Lions ya yi wasa. Yaron da bai san wasan ba sai da ya je jami'a a Utah, a 2013 aka ɗauke shi na biyar a zaɓen sababbin 'yan wasa. Ranar Godiya ta 2015 da suka yi wa Philadelphia 45 da 14, shi ya hana mai jefa ƙwallonsu sakat, yana ta kayar da shi. Ranar 'yan Ghana da ba su san ko dokar wasan ba sun yi ihu har maƙwabta suka buga bango. Daga nan na koyi kallo.

Ɗan Gunners: To ku koya mana mu ma, a gajarce. Me ake nema a ciki?

Ɗan Zango (Bronx): Mutum 11 kowane ɓangare. Masu ƙwallo suna da dama huɗu su ci gaba yadi 10, in sun samu a sabunta musu huɗun, in sun kasa ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Ka kai ta ƙarshen fili maki 6, ka buga ta tsakanin sanduna daga nesa maki 3. Agogo minti 60 ne, kashi huɗu, amma da tsaye-tsaye sai ya haura awa uku. Tsayawar da kake raina wa, a nan ake shirya dabarar.

Maman Ikram (Texas): A nan kuma ake sayar muku da mota da inshora. Ku bari in faɗi ɓangaren da ku maza ba ku gani. An ce ranar iyali. Talotalo babba yana cin awa huɗu ko fi a murhu, ban da dankali da miyar da ake kwarara masa da kek ɗin kabewa, mu kuma sai mun ƙara dafa-duka da farfesu don baƙinmu ba za su ƙoshi da na Turawa ba. Wasan Detroit na farawa da azahar, na Dallas da la'asar, na uku bayan isha'i. Wato daga tsakar rana har tsakar dare akwai uzurin zama a kujera. Sai ka ga an jera maza a falo, faranti a cinya, ido a bango, kowa na cewa saura minti biyu. Minti biyunsu kuwa na iya kai rubu'in awa. Wa ke wanke tukwanen? Kada ku ɗauka ƙin wasan nake, ni na fi maigidan sanin 'yan wasan Cowboys. Abin da nake cewa, ai ni ma ina son in zauna.

Baban Zainab (Kano): Hajiya ta kawo ƙara gaban jama'a. Kawu, a ba da amsa.

Kawu na Detroit: Ni gidana an yi sulhu tuni. Ni ke zuwa Dearborn in sayo talotalon halal, ni ke gasawa, ana ci da an tashi wasanmu, wanke-wanke na samarin gida ne kafin a fara na Dallas. Wasan Dallas ba ya buƙatar a nutsu a kalle shi.

Maman Ikram (Texas): Allah ya ba ka haƙuri Kawu, mutum miliyan 42 da suka kalli wasanmu da Giants a 2022 ba su ji wannan fatawar ba.

Ticha Zariya: Maganar Hajiya ta fi ƙarfin raha fa. Amma akwai wani gefen. Amurkawa na tara dangin da suka warwatsu, wasu shekara guda ba su haɗu ba, kuma Nuwamba watan zaɓe ne a can. Kawu ɗan wannan jam'iyya, ɗan ɗan'uwa ɗan waccan, tebur ɗaya. Talabijin ɗin na ba su abin da za su yi musu a kai a tashi ba gaba. Lokacin da nake karatu a can wani malaminmu ya gayyace ni gidansu. Na zauna shiru ban san abin cewa ba, sai surukinsa, tsoho mai wuyar sha'ani, ya jawo gishiri da barkono da cokula ya jera a kan tebur yana nuna mini yadda ake tsayuwa a fili. Da cokulan muka saba. Baƙo a Amurka in yana son hira ta ɓarke tsakaninsa da maƙwabci ko abokin aiki, sanin sakamakon wasan jiya ya fi masa digiri amfani.

Ɗan Maraɗi (Greensboro): Malam, wannan ga masu hutu ke nan. Ni a rumbun ajiyar kaya nake aiki, makon nan ne mafi wahala a shekara saboda cinikin Juma'ar da ke biye. Masu gadi, masu sayar da abinci a fili, direbobi, 'yan wasan kansu, ina tasu ranar iyalin? Yanzu ma abin ya tsallaka. Daga 2023 Amazon ta sayi wasa a ita Juma'ar cinikin, kana kallo ana nuna maka abin saye. A 2024 Netflix ta ɗauki wasannin Kirsimeti, ranar da da can ta 'yan ƙwallon kwando ce. Wannan kuma wace al'ada ce? Cin kasuwa ne tsagwaronsa.

Ticha Zariya: Shi ya sa ma wasan Juma'ar da rana ake yinsa. Akwai dokar 1961 da ta kange daren Juma'a da ranar Asabar a wannan lokaci na shekara don kare wasannin sakandare da jami'o'i. Sai suka lallaɓa ta ƙarƙashin dokar suka sa shi kafin ƙarfe 6 na yamma. Amma Ɗan Maraɗi, na 1934 ma ai cin kasuwa ne tsagwaronsa. Bambancin kawai, wancan ya tsufa har ya yi jikoki.

Ɗan Gunners: Mu ma dai Ingila na yi mana wasa washegarin Kirsimeti, kuma ba wanda ya fi mu murna. Ban ga laifi ba a nan. Laifin wasan ne da ba ya tafiya.

Ɗan Zango (Bronx): Ba ya tafiya? Nemi bidiyon Dallas da Miami na 1993. Ƙanƙara ta rufe fili fari fat, a Texas fa. Dallas na gaba 14 da 13, saura daƙiƙoƙi, Miami ta buga neman maki 3, aka tare ƙwallon. Abin da ya rage kawai kowa ya nisance ta, wasa ya ƙare. 'Yan Dallas na ɗaga hannu suna cewa kada a taɓa, sai ga wani ƙatonsu, Leon Lett, ya sheƙo ya zame a ƙanƙara ya taɓa ta. Ta zama ta kowa, Miami ta danne, ta sake bugawa daga kusa, 16 da 14.

Maman Ikram (Texas): Ƙanena, ka ƙarasa labarin mana. Daga ranar Dallas ba ta sake faɗuwa ba har ta ɗau Super Bowl, Miami kuwa ba ta sake cin wasa ba a kakar.

Kawu na Detroit: Namu ya fi daɗi. 1998, mu da Pittsburgh, an tashi kunnen doki za a shiga ƙarin lokaci. Alƙali ya wulla kwabo sama, Jerome Bettis na Pittsburgh ya faɗi zaɓinsa, duk duniya ta ji abu ɗaya, alƙali ya ce shi wani abu ya fara ji. Aka ba mu ƙwallo, muka ci 19 da 16. Har doka aka canza saboda wannan, yanzu sai ka faɗi zaɓinka kafin a wulla. Sai na 2024, bayan shekara bakwai a jere muna shan kashi a ranar. Muna gaban Chicago 23 da 20, suna kusa da inda za su farke, suna da damar tsayar da agogo guda a hannu, saura kusan rabin minti. Suka tsaya kallon juna har lokaci ya ƙare. Washegari aka kori kocinsu, abin da Bears ba ta taɓa yi ana tsakiyar kaka ba.

Baban Zainab (Kano): Ni hoton da nake gani kullum shi ne ƙattin nan suna yagar cinyar talotalo a tsakiyar fili.

Ɗan Zango (Bronx): Aikin John Madden ne, tsohon koci da ya koma sharhi a talabijin. A 1989 ya fara ba gwarzon wasa cinyar talotalo. Daga baya ya shahara da wani gashi, kaza a cikin agwagwa, agwagwar a cikin talotalo, duk an zare ƙashi. Ya rasu a Disambar 2021, daga 2022 wasannin ranar da sunansa ake yinsu.

Ticha Zariya: Abu ɗaya da bai kamata mu tsallake ba. Ba kowa ke biki a ranar ba. Labarin da ake koya wa yara shi ne liyafar 1621 tsakanin Turawan da suka sauka Plymouth da ƙabilar Wampanoag. Abin da ya biyo baya, ƙwace ƙasa da cututtuka da yaƙi, ba a cika faɗa a teburin ba. Tun 1970 'yan asalin ƙasar ke taruwa a Plymouth a wannan rana suna zaman makoki. Kuma sau da yawa abokiyar karawar Cowboys a ranar ita ce Washington, wadda har 2020 take ɗauke da sunan da 'yan asalin ke ɗauka zagi ne, da hoton kan mutuminsu a hular kwano. Makiyayan Turawa, ma'anar sunan Cowboys ke nan, da 'yan asali suna karawa a Ranar Godiya, miliyoyi na kallo suna cin abinci. Sai da kamfanoni masu ɗaukar nauyi suka matsa kafin aka sauke sunan.

Ɗan Maraɗi (Greensboro): Ka gani ko? Wancan ma shekara 80 da ɗoriya ana cewa al'ada ce ba a taɓawa. Da kuɗi ya yi magana aka taɓa. Ranar da lissafi ya nuna Detroit ba ta kawo riba, Kawu, za ka ga inda al'adar za ta kwana.

Kawu na Detroit: An yi wannan lissafin a 2008, ɗana, ba mu da ko nasara ɗaya, kuma ga mu nan. Suna da zagi a ciki daban, wasan da bai zagi kowa ba daban. Kada ka haɗa su.

Ɗan Maraɗi (Greensboro): Ban haɗa ba, mai yanke hukuncin ne ɗaya.

Ɗan Gunners: To ni dai ƙarfe nawa ne a nan? In gwada sau ɗaya saboda Kawu.

Ɗan Zango (Bronx): A Nuwamba Najeriya da Nijar na gaban Detroit da awa 6. Na farko zai same ka bayan magariba, na Dallas wajen 10 da rabi na dare, na ukun sai bayan 2 na dare, wannan kam ka bar wa masu gadi.

Maman Ikram (Texas): Ka yi barcin yamma ka jira na 10 da rabi.

Kawu na Detroit: Kada ka saurare ta. Ka yi isha'i da wuri, ka sayi data mai yawa, in ka ga shuɗiyar riga mai zaki a hula su ne naka. In an ci mu kuma ban yarda ka shigo zauren nan ba sai Asabar.